Maigida ya ce in tuge shukokina kafin damina, ni kuma raina na wurin

Assalamu alaikum Tanti, barka da aiki. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Damagaram, yarana uku, muna zaune a gidan gado tare da uwar mijina da ƙanensa da matar ƙanen. Babana Allah ya jiƙansa mai garka ne wajen Mirya, a hannunsa na koyi shuka, shi ya sa da na tare sai na gyara wani lungu bayan ɗakina jikin katanga na yi 'yan fangali, tumatir da salati da shu, wato kabeji, da tattasai da na'ana'a, furanni kuma cikin gwangwanaye da tsoffin robobi. Da farko abin gwanin sha'awa har maƙwabta nake aika wa. Amma shekarun nan komi ya rikice min, damina ruwa ya kwanta ya ruɓar da su, bayan damina na yi renon iri zafi ya ƙone shi, sanyin ma kafin ka ce me ya wuce, tumatir ya yi ta fure yana zubarwa ba ɗa ko ɗaya. Ga pompo a bazara sai ya yi kwanaki bai zo ba, sai in sayi bido wurin 'yan ga-ruwa, kuma gaskiya Tanti daga kuɗin cefane nake tsakura, maigida bai sani ba. Ranar ya dawo daga kasuwa a gajiye ya tarar babu ruwan wanka ga fangali jiƙe sharkaf, ya yi faɗa sosai ya ce kafin ruwan farko ya sauka in tuge komi. Inna kuma kullum maganarta zan kayar musu da katanga, na tara musu sauro da macizai. Akuyar facalata ta shiga ta cinye min salati kaf, da na yi magana ta ce filin ai ba na ubana ba ne, wallahi maganar nan har yau tana min ciwo. Ni kuma wurin nan ne kaɗai in na zauna da yamma nake jin sanyi a raina. In tuge ne, ko in dage, ko in kai ƙara wurin yayana ya sa baki?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarki kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kar ki tuge, kar kuma ki dage a yadda kike yanzu, kuma ki bar yayanki ya ci gaba da harkarsa tukuna, maganar ba ta kai can ba. Garkar taki za ta iya rayuwa amma sai ta ƙanƙance, ta matsa daga jikin katanga, ta daina shan ruwan da mutanen gida za su sha ko su yi wanka da shi. In kin yarda da waɗannan to sauran duk mai sauƙi ne.

Bari in fara da wurin da ba za ki so ji ba. A maganar ruwa maigidanki yana da gaskiya, kuma ke ma kin sani tunda da kanki kika rubuta "bai sani ba". Mutum ya wuni a kasuwa cikin ranar Afrilu ko Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ya dawo ya leƙa randa wayam, ya juya ya ga ƙasa jiƙe, wallahi ko waliyyi ne sai ransa ya ɓaci. Kuma ni ina ganin ba ruwan wankan ne kaɗai ya ba shi haushi ba, magidanci ya san lissafin abin da yake ajiyewa na cefane, ƙila ya daɗe yana ganin miya ta rage armashi yana haɗiyewa, ranar ne ya gane inda kuɗin ke tafiya. Abin da aka ɓoye wa mutum ya fi ƙona masa rai fiye da yawan kuɗin. Don haka wa'adin da ya ba ki na "kafin ruwan farko" ni ban ɗauke shi ƙiyayyar shuka ba, tunda shekarun da garka ke ba da tumatir da na'ana'ar shayi ai ba ki ce ya taɓa yin ƙorafi ba.

Ki yi lissafin da kanki ki gani. A tsakiyar bazara a ƙasarmu, fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 in akwai ganye a kai yana iya shan wajen lita 8 a rana, wani lokacin ma fiye in iska mai zafi na kaɗawa. In a ce fangalinki duka mita 2 ne a faɗi 3 a tsawo, kin ga kusan lita 50 ke nan kullum, bido biyu na lita 25, a wata bido 60. Ki buga da kuɗin da 'yan ga-ruwa ke sayar miki ranar da pompo ya ɗauke, sai ki tambayi kanki tumatir nawa kuɗin nan zai sayo a kasuwar Dole. A bazara fa nake nufi, lokacin da tumatirin ma ba ɗa yake yi ba.

Matsalar ruwa a garin nan kuma ta girme ni ta girme ki. Damagaram a kan dutse take zaune, duwatsun nan da muke gani a tsohuwar unguwar Birni haka suke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiya ba ta cika yin albarka a cikin gari ba, ruwan da ke zuwa pompo daga nesa ake turo shi, Gogo da Machaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga nan suka mayar Yamai a 1926. Babanki a Mirya ya yi garkarsa inda ruwa ke kusa a ƙasa, a tona kaɗan a samu. Ke kin ɗauko tsarin Mirya kin kawo cikin gari inda kowace lita da kuɗinta, to dole tsarin ya sake.

Sai yanayi. Kar ki zargi hannunki, hannunki lafiya lau, duk mai shuka a gida abin da yake kuka da shi ke nan. Ruwan shekara a nan wajen milimita 400 ne ko sama kaɗan, kusan duka tsakanin Yuli da Satumba, amma yadda yake zuwa ne ya canza, sai a yi kwanaki shiru har ganye ya yi yaushi sannan a kwana ɗaya a zubo na sati biyu. Bayan damina kuma akwai zafin nan na Oktoba da mutane ke mantawa da shi, ana ganin ruwa ya ɗauke sai a yi sauri a zuba irin tumatir da salati, rana ta dafa su tun suna ganye biyu. Shi ne ya ci renonki. Zubar furen tumatir ma ba aljanu ba ne ba kambun baka ba, tumatir in zafin rana ya wuce wajen digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen lalacewa yake, fure ya bushe ya faɗi komi yawan ruwan da kika ba shi. Salati shi kuma da ya ji zafi sai ya yi tsiri ya miƙe sama ya yi ɗaci. Kin ga ashe bidon da kike saye a Afrilu kina zuba wa abin da ya riga ya gama shekararsa ne.

To ga yadda nake so ki raba shekararki. Tumatir, salati, shu, karoti, albasa, waɗannan 'yan sanyi ne, ki ba su Nuwamba zuwa Fabrairu ki sallame su. Renon iri ki jira sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba lokacin da kika fara jin asuba na sa ki jawo zane, ki yi shi cikin tsohon kwano ko roba mai huji a inuwa, ki rufa masa tsohon sange, kuma kar ki zuba irin duka rana ɗaya, ki raba shi kashi biyu ko uku da tazarar kwana goma tsakani, in zafi ya dawo ya cinye na farko kina da na biyu. Tumatir ya yi kamar sati huɗu a reno sai dashe, da yamma ake dasawa, bayan wata biyu zuwa biyu da rabi ki fara tsinka, kin ga kin ci rabonki kafin Maris ya yi zafi. In kuma ranki ya nace sai kin gwada tumatir a damina to ki nemi irin da aka yi don haka, akwai Icrixina da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai suka fitar, akwai Mongal a wurin masu sayar da iri, amma gindi uku ko huɗu kawai, kar ki cika fangali.

Daga Maris zuwa saukar ruwa ki ɗauka garka na hutu. Abin da za ki riƙe kaɗan ne, zogale gindi biyu ko uku, na'ana'a roba ɗaya, ɗoɗɗoya, ƙila alayyahu buhu ɗaya tunda shi sati uku zuwa huɗu ya isa yanka kuma bai damu da zafi ba in ya samu 'yar inuwa. Zogale in ya kama shi ke nan, ruwa kaɗan ya ishe shi, ki dinga sare kansa daidai ƙugunki don ya yi rassa ya ba da ganye, in kin bar shi sai ya tafi sama ya zama sanda. Damina kuma ta kuɓewa ce da rama da yakuwa da lalo da alayyahu, abin da Allah ke shayar miki kyauta, kuma su ne miyar gidan ma ai. Na san salati da shu sun fi burge ido a hoto, amma kwanon zogale da ƙuli ko miyar kuɓewa ɗanya daga bayan ɗaki ya fi saurin shiga zuciyar uwar miji.

Yanzu ruwan da za ki shayar da ɗan abin da ya rage. Gidanku akwai manya aƙalla biyar masu alwala sau biyar a rana, duk ruwan nan ƙasa yake bi. Ki ajiye roba mai faɗi inda ake alwala, ko ma ki dasa zogalen a daidai wurin a dinga yi a gindinsa. Ruwan wankin shinkafa, na wankin kayan miya, ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe wadda ba maiƙo, duk ki tara a bokiti ɗaya ki zuba da yamma a ranar, kar ya kwana biyu don wari yake. Wanda ke da Omo ko jabel ko gishiri kar ya taɓa shuka, kashe ƙasa yake a hankali. Ruwan wanka na sabulu in ba yawa a iya ba furanni da gindin itace, amma ban da ganyen da za a ci ɗanye. Ruwan tsarin gero kuwa ki bar wa akuyar facala, zan zo kanta.

Akwai kuma dabarar tulu, wadda ke 'yar Mirya ya kamata ki fi kowa iyawa tunda garinku ne gidan ginin tukwane. Ki samo tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, irin mai tsatsafar nan, ki binne ta har wuya, ki cika da ruwa ki rufe bakin da murfi, ki dasa shukarki kewaye da ita kamar taƙi ɗaya zuwa biyu daga jikinta. Ruwan zai dinga tsatsafowa cikin ƙasa daidai saiwa, rana ba ta ganinsa balle ta shanye, in kin tona bayan 'yan makonni za ki ga saiwoyi farare sun nannaɗe jikin tulun. Ki dinga leƙawa kina ƙarawa in ya yi ƙasa. Saman ƙasar kuma kar ki bar shi tsirara, ki rufe da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, sai dai ki ɗan janye daga jikin karan shukar kuma ki sa ido kan gara, in ta fara ki barbaɗa toka. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a gindi, ba a saman ganye da rana tsaka ba. Zana ɗaya ta ɓangaren yamma ta tare ranar azahar zuwa la'asar, ita ce mai kisa, ta safe ba ta da laifi.

In damina ta zo kuma ki sa tano, wato ganga, a ƙarƙashin indararo. Ruwan sama milimita 1 a kan rufin mita 1 da mita 1 lita 1 ne cif, ɗaki mai mita 4 da 4 in aka yi ruwa mai kyau na milimita 30 ya zubo da lita 480, ya fi tano biyu. Ki bar na farkon ya wanke ƙurar kwano ya tafi sannan ki tara. Da wannan za ki tsallake kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina, har ki yi renon Nuwamba da ragowar in kin adana.

Mu zo kan Inna. Ƙanwata tsohuwar nan ba neman faɗa take ba, tsoro take ji, kuma tsoronta na da tushe. Ke ma kina gari a damina ta 2024 da gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, har tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe ranar 3 ga Satumba bayan ruwa mai ƙarfi. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya ga ana jiƙa gindin katangarsa safe da yamma dole gabansa ya faɗi. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa, gindi ya sha danshi ya yi laushi, sai ruwa ɗaya mai iska ya ƙarasa shi, kuma gida ne na mijinta da ta tsufa a ciki. A nan kar ki yi musu ko kaɗan. Ki janye komi aƙalla mita 1 daga katanga, in da fili ma ki ƙara, ki cike gindin katangar da ƙasa ki daddaɓe ya gangaro waje, ki tabbatar fangalinki bai tare hanyar rariya ba. Abin da ya fi ma shi ne ki koma buhu, buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, ki huda gindinsa, ki cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ki ɗora a kan bulo biyu. Ruwan damina ya bi ta ƙasa ya wuce saiwa ba ta ruɓe ba, in hadari ya taso da iska ki ja su ƙarƙashin rumfa, in rana ta yi yawa ki matsar. Fangalin da ya rage a ƙasa kuwa, da rani a yi shi kwari don ya riƙe ruwa, da damina a tada shi tudu kamar kunya don ruwa ya zurare, wannan na tabbata Baba ya nuna miki.

Maganar sauro rabi gaskiya ce. Jiƙaƙƙar ƙasa ba ta haifar sauro, ruwan da ya kwanta ne, kuma cikin sati ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi. Gwangwanin da ruwa ya taru a ciki, faranti a ƙarƙashin tukunyar fure, tano a buɗe, tsohuwar taya, su ne gidansa. Ki rufe tano da murfi ko sange ki ɗaure, ki kife duk abin da ba a amfani da shi, musamman Agusta zuwa Oktoba da zazzaɓi ke kwantar da yara. Maciji kuma duhuwa da tarkace yake so, in wurin a share yake ana ganin ƙasa tsakanin buhu da buhu ba ya zama. Ki kira Inna da kanki ki ce "Inna zo ki nuna min inda kike ganin ya dace in mayar da su", ki bar ta ta zaɓa ko da wurin bai yi miki daɗi sosai ba. Tsofaffi in an tambaye su shawara su kan koma masu tsaron abin, gobe ita za ki ji tana korar yara daga wurin.

Furanninki ban manta da su ba, kuma kar wani ya sa ki ji kunyar son abin da ba a ci, ido ma yana da haƙƙi. Ki dai zaɓi masu jure wahala. Lalle ya yi, ga ƙamshin furensa da dare ga ganyen ƙunshi. Fulawar nan mai fure fari ko ruwan hoda da ke fitowa ko a tsagin siminti, wadda masu sayarwa ke ce wa perbansh, ita ma ba ta da shan ruwa, haka bugenbil in ya kama, shi ƙishirwa kaɗan ma ƙara masa fure take. Itaciyar kariya ta fi su duka haƙuri, amma ruwan jikinta guba ne, haka loriye mai dogon ganye, in kina da su ki ɗaga su inda yaro ko dabba ba za su kai ba, kar garin gyara a wayi gari akuyar mutane ta mutu a ce da gangan kika yi. Ƙwari kuwa, farin ƙuda da ɗan tsutsar da ke shiga cikin ganyen tumatir, ki daka 'ya'yan bedi busassu kamar rabin kilo ki jiƙa a lita 10 ya kwana, ki tace ki sa ɗan sabulu ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, sati-sati. Ki guji maganin feshin da ake sayarwa a kwalba ba takarda, a gida mai yara da abin da za a ci gobe bai dace ba.

Facalarki ta yi kuskure, maganar uba ga wadda ubanta ke ƙasa ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba zan ce miki ki yi kamar ba ki ji ba. Amma ki raba abu biyu, akuya daban magana daban. Akuya dabba ce, ta ga kore a bazara, ba ta da laifi, a gidan da ake kiwo mai shuka ne ke yin shinge, ƙaya ko zana ko tsohuwar waya da ƙofa mai ɗauri. Kuma ki tuna hadisin nan da ke cewa duk abin da Musulmi ya shuka mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci sadaka ce gare shi, to salatinki dai bai tafi a banza ba, akuya ta kai miki shi gaba. Ita kuma facala ki duba ta nata ɓangaren, tsakar gidan na kowa ne, ƙila tana ganin kin killace lungu ke kaɗai, ana sayen ruwa ana zuba wa ƙasa ita tana layin pompo da tsakar dare. Ki same ta ku biyu ba gaban yara ba, ba gaban Inna ba, ki ce mata maganar ranar ta taɓa ki don Babanki ya rasu kuma shi ya koya miki, ki tsaya nan kar ki ƙara. Sannan ki kawo ciniki, ita ta dinga tara miki kashin akuya ki ruɓar da shi wata biyu zuwa uku kafin ki sa, don ɗanye ƙona saiwa yake, ke kuma ganyen shu na waje da karan rama da duk abin da kika cire na akuyarta ne, in an yanki alayyahu a kai mata nata. In ta karɓa alhamdulillahi. In ta ƙi, kin dai fita haƙƙinta, shingenki ya ishe ki.

Maigida shi ne na farko da za ki yi wa magana, kuma cikin satin nan, kar ki jira hadari ya fara haɗuwa. Ki zaɓi dare bayan ya ci ya yi wanka, da ruwa a randa wannan karon. Ki fara da kuɗin cefanen kafin ya tambaya, ki ce kin taɓa, kin yi kuskure, ya yafe miki, ba za a sake ba. Kar ki haɗa da "amma ai kai ma". Sannan ki gaya masa abin da kika yanke, ruwan saye ba zai ƙara zuwa kan shuka ba sai in da kuɗinki na kanki, daga Maris zuwa damina buhu kaza ne kawai, komi zai bar jikin katanga, kuma in ya ga kin saɓa to ya tuge da hannunsa. Ki roƙe shi damina ɗaya da sanyi ɗaya na gwaji. Kafin ma ki yi maganar ki fara cire tumatirin da salatin da suka gama aiki ya gani da idonsa, namiji ya fi gaskata abin da ya gani. Kuma ki gaya masa abin da kika gaya min, cewa wurin nan ne ke tuna miki Baba. Zai yiwu shekara da shekaru kuna tare bai taɓa sanin haka ba, yana ganin sha'awa ce kawai irin ta mata.

In garkar ta dawo da kyau ki sa ta ta ciyar da kanta. Shekarun nan azumi na faɗowa ƙarshen sanyi kuma yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, lokacin da kowa ke neman salati da na'ana'a na buɗa baki, 'yan ƙulli kaɗan a ƙofar gida ko a cikin unguwa sun isa ki tara kuɗin iri da na bidonki a gwangwani daban wanda ba ruwansa da cefane.

In kuma duk da haka ya ce a'a, to kar ki mayar da shi yaƙi, aure da yara uku ya fi fangali. Ki roƙi ya bar miki robobi huɗu ko biyar a bakin ɗakinki da ruwan alwalarki, da wuya ya hana wannan. Sauran ki kai gidanku ko gidan wata 'yar uwa mai fili, ko ki tambaya a unguwa ko akwai ƙungiyar mata masu noman rani da za ki shiga da izininsa. Na kuma yi ta tunanin garkar Baba ta Mirya, tana hannun wa yanzu, an raba ko ba a raba ba? In tana nan to a nan ne yayanki zai yi amfani, ya ware miki fangali biyu can inda ruwa yake, tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, ki dinga leƙawa lokaci-lokaci. Wannan ya fi ki kira shi ya zo ya yi shari'a tsakaninki da mijinki a kan ruwan wanka, don in ɗan uwa ya shiga irin wannan ƙaramar magana girma take, ku kun shirya su suna riƙe da ita.

Abu ɗaya ya tsaya min a wasiƙarki, inda kika ce wurin ne kaɗai kike jin sanyi a ranki. Kaɗai ɗin nan ya yi min nauyi ƙanwata. Ki samu wadda kike buɗe wa ciki, 'yar uwa ko ƙawa ko malamarku ta islamiyya, ki dinga fita ziyara in an ba ki dama, in kuma kin ga barci na ƙaurace miki ko kuka na zuwa ba dalili ki je asibiti ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Kafin ki cire shukokin nan kuma ki tsinke irin duk wanda ya nuna, ki shanya a inuwa, ki zuba a kwalba da ɗan toka ki rufe ki rubuta sunansa, Nuwamba na nan zuwa. Ki sake rubuto min bayan kun yi magana da maigida, ina son jin wurin da Inna ta zaɓa miki.